Rajista da Kujerar Baya: Shari'ar Aure a Kotunan Coci na Ƙasashen da Turawa Suka Mulka

Gabatarwa

Mai binciken tarihin shari'a a ƙasashen Afirka da Turawa suka yi wa mulkin mallaka yakan tarar da kotuna iri biyu: kotun Bature, inda joji ke aiki da dokar Ingila ko ta Faransa, da kotun 'yan ƙasa, inda sarki ko alƙali ke aiki da al'ada ko shari'ar Musulunci. Akwai ta uku da ba a cika lissafawa ba, domin ba ta da ɗan sanda, ba ta da gidan yari. Ita ce majalisar dattawan ekklisiya, wadda ke zama a majami'a ko a barandar gidan ɗan mishan bayan an tashi sujada. Kaso mai yawa na ƙararrakin da ke zuwa gabanta na aure ne: wane ya ƙara mata, wance ta yi yaji ta ƙi biko, budurwa ta yi ciki, bazawara ta ƙi ƙanen mijinta.

Da'awar wannan maƙala ita ce, ƙarfin wannan kotu ya rataya ne a kan abu biyu da ke hannunta: littafin rajista da mutuncin mutum a idon jama'a. Da zarar an rubuta sunan mace a matsayin matar wane, ko an soke shi, to an taɓa gadonta da 'ya'yanta da aikin mijinta. Rikicin da ake ɗauka na aƙida ne, in an tona sai a tarar da dukiyar aure da gona da yara a ƙarƙashinsa. Su kuma mutanen da aka kafa kotun don a gyara su, sun laƙanci hanyoyinta, sun riƙa juya ta wajen biyan buƙatunsu.

Tushen rikicin

Matsalar ta faro ne daga baftisma. Magidanci mai mata uku ya ji bishara, ya ce ya ba da gaskiya, yana so a karɓe shi. Yaya za a yi da matan? Cocin Katolika ta gamu da wannan tambaya tun ƙarni na 16 a ƙasashen da Sifaniya ta ci a nahiyar Amurka. A 1537 Fafaroma Paul na III ya yanke cewa mutum ya riƙe matarsa ta fari, in kuwa ya manta wadda ya fara aura, ya zaɓi ɗaya daga cikinsu.

A cocin Angilika an daɗe ana ja-in-ja. A shekarun 1850 Henry Venn, sakataren ƙungiyar mishan ta CMS, ya tsaya a kan cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba. John Colenso, bishop na Natal wanda ya zauna da Zulu, ya saɓa masa. Hujjarsa ita ce, tilasta wa mutum ya kori matar da ya aura bisa ƙa'idar mutanensa zalunci ne a kanta da 'ya'yanta, kuma saki ne, alhali cocin kanta ta hana saki. Taron bishop-bishop na Lambeth na 1888 ya bi ra'ayin Venn: mai mata da yawa ya zauna a ajin masu neman baftisma har ranar da zai iya rayuwa da mace ɗaya, amma matansa ana iya yi musu a wasu halaye, gwargwadon yadda hukumar cocin yankin ta gani. Samuel Ajayi Crowther, bishop ɗan Afirka na farko a wannan coci, yana cikin masu tsauri, abin da ke nuna cewa saɓanin bai rabu gida biyu tsakanin Turawa da 'yan ƙasa ba.

Wannan matsaya ita ta cika kotunan coci da aiki. Matar da aka sallama za ta koma gidan ubanta. A yawancin al'ummomin da ake biyan dukiyar aure da shanu ko awaki, mutuwar aure na nufin mayar da dukiyar, ga shi uban ya riga ya yi wa ɗansa aure da ita. 'Ya'yan kuma na dangin miji ne, uwa za ta tafi ta bar su. Baftismar mutum ɗaya takan haifar da shari'a uku ko huɗu, kowace da gidan da ta shafa.

Yadda zaman yake gudana

Tsarin ya bambanta daga coci zuwa coci, amma fasalinsa kusan ɗaya ne. Jama'a sun watse, dattawa sun zauna a bencin gaba. Fasto ko ɗan mishan yana kan tebur, malamin makaranta yana gefensa da alƙalami da littafi, shi ne magatakarda, sau da yawa kuma shi ne tafinta. Sai a kira matar da ta bar ɗakinta, a kira mijin, a kira waliyyanta. Tambayoyin ba su cika shiga tauhidi ba. Wa ya biya dukiyar auren? Awaki nawa, zannuwa nawa, an gama biya ko da saura? A majami'a aka ɗaura ko a gida? Wa ya ga shigarta gidan wane, da rana ko da dare? Duk amsar da aka bayar magatakarda yana rubutawa, da kwanan wata da sunayen shaidu.

Hukuncin shi ne horo. A hana mutum cin Jibin Ubangiji na wasu watanni ko shekara, a mayar da shi kujerar baya, a yi shelar laifinsa ranar Lahadi, kuma ba zai dawo matsayinsa ba sai ya miƙe ya furta tuba a gaban jama'a. Mafi tsanani shi ne soke suna daga littafi.

Mai kallo daga nesa zai ce wannan ai ba wani hukunci ba ne. Amma a garuruwa da yawa mishan ita ce mai makaranta, ita ce mai asibiti, ita ce mai ɗaukar ma'aikata. Malamin da aka sa a horo ya rasa albashinsa da gidan da yake ciki. A Gwalkwas, wato Gana ta yau, Mishan ta Basel da ta iso a 1828 ta kafa unguwannin Kirista da ake kira Salem a garuruwa irin su Akropong, kuma wanda aka fitar daga ekklisiya yana iya rasa zamansa a unguwar. A cocin Metodis kowane mamba yana karɓar tikitinsa duk wata uku, wanda aka hana kuwa kowa ya san dalili. Ƙaura ma ba ta wanke mutum, domin cocin sabon gari za ta nemi takarda daga faston da ya baro. Kafin zuwan rajista, mutum kan bar gari ya bar abin kunyarsa a can. Yanzu takarda tana riga shi isa.

Sai dai takardar ba ta 'yan mishan kaɗai ba ce. Masanin tarihi Derek Peterson, a wani nazari da ya buga a 2006 kan kotunan coci na tsakiyar Tanganyika tsakanin 1876 da 1928, ya nuna cewa masu ƙara sun gane irin mutanen da alƙalan coci ke nema a cikin labari, sai suka riƙa tsara maganarsu da halayensu su dace da hakan. Wannan ya zo a matsayin mai zunubin da ya tuba, waccan ta zo a matsayin mace mai biyayya da aka cuta. Darasin da ke nan ga mai bincike shi ne, abin da ke cikin waɗannan littattafai magana ce da aka shirya don a ci shari'a, kuma da wannan ido ya kamata a karanta ta.

Inda dokar gwamnati ta shigo

Abin da ya ƙara wa rajistar coci nauyi shi ne haɗuwarta da dokar mulkin mallaka. A shari'ar Hyde ta 1866 kotun Ingila ta fayyace aure da cewa haɗuwar namiji ɗaya da mace ɗaya ne har ƙarshen rai, ba tare da wani ko wata ba. A 1884 aka kafa dokar aure a Gwalkwas da Legas, waɗanda a lokacin ke ƙarƙashin gwamnati ɗaya. Wanda ya yi aure bisa wannan doka, a ofishin rajista ko a majami'ar da ke da lasisi, ya ɗaure kansa ta fuska biyu: ba zai ƙara aure ba, kuma in ya mutu babu wasiyya dokar gado ta Ingila za ta shiga dukiyarsa.

Shari'ar Cole ta 1898 a Legas ta nuna inda abin ya kai. Mamacin ya yi auren coci a Saliyo, ya rasu ya bar mata da ɗa. Ɗan'uwansa ya nemi riƙon dukiyar bisa al'ada, kotu ta hana, ta ce auren Kirista ya fitar da gadon daga hannun al'ada. A ƙasar Akan ta Gwalkwas lamarin ya fi zafi, domin a can dangin uwa ke gadon namiji, ɗan 'yar'uwarsa ya fi ɗan cikinsa haƙƙi. Sa hannu a rajista yana karkatar da wani kaso na gidaje da gonakin koko zuwa ga matar da 'ya'yanta. Ba mamaki dangi suka riƙa hana 'ya'yansu maza wannan aure, Kiristoci da yawa suka gwammace su ɗaura na gargajiya, fasto ya sa albarka kawai. Gana ba ta daidaita gadon kowane irin aure a doka ɗaya ba sai a 1985.

A Legas kuwa, Kristin Mann ta nuna a littafinta na 1985 yadda 'yan boko na ƙarshen ƙarni na 19 suka raba ƙafa: matar coci a gida mai zobe da suna, matar waje a wata unguwa da 'ya'yanta. Doka ta tanadi ɗaurin shekara biyar ga wanda ya ƙara auren gargajiya a kan na rajista, amma da wuya aka ga an gurfanar da wani. Aikin tsawatawa sai ya koma kan dattawan coci.

Ta fuskar saki ma akwai giɓi. Auren rajista babbar kotu ce kaɗai ke raba shi, ga tsada, ga nisa, ga sharuɗɗan Ingila, waɗanda Nijeriya ta ci gaba da bi har 1970. Kotun gargajiya kuwa tana raba aure da zarar an mayar da dukiya. Kotun coci ba ta saki, iyakarta sulhu ko horo. Mutane suka koyi auna ƙofofin nan uku. Mai son fita ta nufi kotun gargajiya, ta ɗauki horon coci a matsayin kuɗin fansa. Mai son hana mijinta yi mata kishiya ta nufi fasto. Mijin da ke son a dawo masa da matarsa ya kai ƙara duka biyun.

A ƙasashen renon Faransa hanyar ta ɗan bambanta. 'Yan mishan Katolika, cikinsu har da Sista Marie-André du Sacré-Cœur wadda ta karanci shari'a, sun matsa wa gwamnati har ta fitar da dokar Mandel a 1939, wadda ta sa shekara 14 ga mace da 16 ga namiji, ta kuma wajabta yardar ma'aurata. Dokar Jacquinot ta 1951 ta taɓa batun tsadar dukiyar aure. A kudancin Kamaru mishan ta kafa gidajen da ake kira siksa, inda ake ajiye 'yan matan da za a aurar da matan da suka gudo daga gidajen masu mata da yawa, ana koya musu addini suna yi wa mishan aiki. Ga wasu mafaka ce, ga wasu aikin tilas ne, kuma wannan fuska ta biyu ita Mongo Beti ya caccaka a ƙagaggen labarinsa na 1956.

Ƙungiyoyi da ɓallewa

Kotun dattawa ta maza ce, amma akwai wata hukuma a gefenta da mata ke riƙe da ita. Ƙungiyar iyaye mata ta Angilika, wadda Mary Sumner ta kafa a Ingila a 1876, ta bazu ko'ina a daular Birtaniya, kuma ba ta karɓar matar da aurenta ya mutu ta hanyar saki sai a farkon shekarun 1970. A Afirka ta Kudu akwai manyano ta matan Metodis masu jar riga, a Zimbabuwe akwai ruwadzano, a arewacin Nijeriya akwai Zumuntar Mata. Waɗannan ƙungiyoyi suna sasanta ma'aurata tun kafin magana ta kai ga dattawa, suna tallafa wa gwauraye, suna zuwa biko. Suna kuma da nasu horon, wanda shi ne hana mace sa kayan ƙungiya. A manyano an sha dakatar da uwa saboda 'yarta ta yi ciki ba aure. Ranar taro, kowa cikin kaya iri ɗaya, ita kaɗai a kayan gida, ba a buƙatar wata shela.

Maza masu hali kuwa suna da wata mafita: su ɓalle. A Legas an kafa wata cocin 'yan ƙasa a 1891 wadda ta karɓi masu mata fiye da ɗaya. A 1917 wani ɗan mishan Metodis ya kori fitattun mambobi bisa wannan laifi, su kuma suka kafa tasu cocin, wadda aka fi sani da Eleja saboda kusancinta da kasuwar kifi. Nan iyakar ƙarfin kotun coci ta bayyana. Soke suna yana da zafi ne muddin littafi ɗaya ne a gari. In waɗanda aka kora suna da kuɗin gina tasu majami'a, sai su buɗe nasu littafin.

A arewacin Nijeriya da Nijar

Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, saboda haka ƙungiyoyin mishan na SIM da SUM suka fi kafuwa a Filato da kudancin Zariya da Binuwai da Adamawa. Hausa ce harshen aiki a yawancin waɗannan majami'u, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, don haka da Hausa aka yi zaman shari'o'in aure masu yawa na mutanen da ba Hausawa ba.

Dattawan nan sun gamu da abin da dokar Lambeth ba ta hango ba. A wasu al'ummomin yankin, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a 1953 game da Kadara da Kagoro, mace tana iya yin aure na biyu a wani ƙauye ba tare da na farko ya mutu ba, kuma tana iya komawa. Ƙa'idar riƙe matar fari an gina ta ne a kan namiji mai mata da yawa. Idan mace ce ke da maza biyu ko uku da al'ada ta amince da su, wane ne za a rubuta? Na farko da iyaye suka ba shi tun tana ƙarama, ko wanda take ɗakinsa, ko uban 'ya'yanta? Littafi layi ɗaya yake da shi ga kowace mace, kuma cike wannan layi ya taimaka wajen rushe tsarin gaba ɗaya. Da ragama ta koma hannun 'yan ƙasa, da kafa cocin ECWA a 1954 da tarayyar ekklisiyoyin SUM a 1955, horo bai tafi tare da Turawa ba, dattawan gida suka ci gaba da shi.

A yankin Maraɗi, wanda Barbara Cooper ta yi nazarinsa a littafinta na 2006, Kiristoci tsiraru ne a cikin Musulmi, inda ƙarin aure da saki halal ne kuma sananne. A irin wannan wuri tsananta horo yana iya mayar da mutum cikin danginsa ne kawai, ekklisiya ta ragu. Ƙarfin kotun coci ya danganta da abin da mutum zai tarar in ya fita.

Wa ya ci riba?

Ra'ayi biyu sun fi yawo. Na farko yana cewa kotun coci ta 'yantar da mata. Akwai gaskiya a ciki: yarinyar da ta ƙi auren dole ta sami inda za ta gudu, bazawarar da ta ƙi a gaje ta ta sami mai tsaya mata, kuma tambayar amarya ko ta yarda a gaban jama'a ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu yana cewa kayan aikin mulkin mallaka ce kawai. Shi ma yana da hujja. Martin Chanock ya nuna a 1985 yadda dattawa maza da jami'an Turawa a Malawi da Zambiya suka haɗu suka ƙera abin da aka kira dokar gargajiya don riƙe mata da samari, kuma sau da yawa irin waɗannan dattawan ne ke zaune a bencin coci. Ga kuma rashin daidaito a shaida: ciki ba ya ɓoyuwa, namiji kuwa yana iya musu, don haka kujerar baya ta fi cika da mata.

Kuskuren ra'ayoyin biyu shi ne ɗaukar mata a matsayin rukuni ɗaya. Kotun coci ta raba su. Uwargidan da sunanta ya shiga littafi ta sami zobe da gado da makamin hana kishiya. Ta biyu da ta uku, waɗanda aka aura da dukiya da shaidu da biki, suka wayi gari ba su da suna, 'ya'yansu sun zama na waje. Ribar ɗaya asarar ɗaya ce, kuma alƙalami ɗaya ya rubuta duka.

Cocin Angilika da kanta ta zo ta amince da wannan. Bayan rahoton Adrian Hastings na 1973 kan auren Kirista a Afirka, da matsin bishop-bishop na gabashin Afirka, taron Lambeth na 1988 ya yarda a yi wa mai mata da yawa baftisma tare da matansa da 'ya'yansa masu bi, muddin ya yi alkawarin ba zai ƙara ba, jama'ar cocin wurin kuma sun amince. Ya hana a tilasta masa sallamar kowace, saboda wahalar da za ta faɗa ciki. Hujjar Colenso ke nan, bayan shekara ɗari da yanke akasinta.

Kammalawa

Kotun coci ba ta kawar da kotun sarki ko ta joji ba. Ta ƙara ƙofa ne a kan waɗanda ke akwai, ta kuma shigo da rubutu cikin al'amarin da a da shaidu da dangi ke riƙewa a ka. Sakamakon yana nan har yau. Ma'aurata Kirista a Nijeriya da Gana sukan yi na gargajiya, su je rajista, su je majami'a, kuma da yawa ba su san wanne ne doka ke gani ba. Bikin coci da aka yi ba tare da takardar magatakardan aure ba, albarka ce kawai a idon kotu, kuma galibi sai ranar rabon gado ake gane haka. Haƙƙi ne a kan fastoci da dattawa su bayyana wa masu shirin aure wannan bambanci tun kafin a sa rana.

Ga masu bincike kuma, littattafan zaman dattawa suna nan a akwatuna da kabad na tsofaffin majami'u, gara da ɗanshi suna cin su. Da wuya a sami wata taska da ta adana maganar talakawan mata na wancan zamani kamar su, ko da maganar shiryayya ce. Ya kamata jami'o'in yankin su haɗa kai da ekklisiyoyi a ɗauki hotonsu a adana, da sharaɗin kare sunayen iyalan da ke ciki, sannan a karanta su kafaɗa da kafaɗa da littattafan kotunan En'e na shekarun. Sai an haɗa biyun za a ga ƙara ɗaya tana tafiya daga wannan kotu zuwa waccan, a kuma gane dalilin da ya sa mai ita ta zaɓi inda ta fara.